Ba Sunana Aka Kira Ba

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Ardelia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Hosea da yara da jikoki gaba ɗaya. Yaya gwiwar taki? Lenora ta gaya mini an canza miki magani, kuma wai kin ƙi riƙe sandar da likita ya ba ki don kada a ce kin tsufa. Haba Yaya, ai tsufa ba ya neman izinin kowa. Ki riƙe sandarki, Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan Arkansas muna lafiya. In na ce mu, kin san ni kaɗai nake nufi, sabo ne ya hana bakina gyaruwa tun rasuwar matata Vernice. Ruwa ya yi yawa bana har an makara da shukar auduga. An gama gyaran rufin coci. Tsoho Cleophus mai aski ya rasu a watan jiya, yanzu sai na yi tafiyar rabin awa kafin in sami wanda zai taɓa mini kai. Garejina na gyaran mota ma kwana uku kawai nake buɗewa a mako, bayana ya fara yi mini gardama.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, tunda ga waya. To, kin san ni da waya, ba na wuce minti biyu, daga yaya kuke sai a gaida yara. Abin da ke raina kuwa ba na minti biyu ba ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke kaɗai kika rage mini da zan iya faɗa wa.

Da farko dai albishirinki. Renita, 'yata, ta kammala jami'a. Jikar Baba, mutumin da bai wuce aji uku ba, yau ita ce injiniyar ruwa da takardarta a hannu. Na je can arewa na gani da idona, tuƙin awa goma sha ɗaya a tsohuwar a-kori-kurata, kuma ba ta ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Wannan ne zuwana na farko garin a shekara biyar ɗin da ta yi tana karatu. Kullum ina cewa aiki, kullum ina cewa nisa. Ita ma ba ta taɓa matsa mini ba.

Kin san yadda yaranmu suke yi a irin waɗannan makarantu da ba su da yawa a ciki. Ban da babban bikin da ake tara dubban ɗalibai, baƙaƙen fata suna da nasu kwana ɗaya kafin nan, inda ake rataya wa kowane ɗalibi gyalen kente a wuya, saƙar gargajiya ce mai launi-launi. Maybelle ta ƙungiyar mawaƙan cocinmu ce ta ba ni labari, don ta je na jikanta. Ta ce kowane yaro shi yake rubuta sunan mutum ɗaya tak, wanda ya tsaya masa, a kira shi gaban jama'a ya hau ya rataya masa da hannunsa. Ta ce Thaddeus, ka shirya, kada ka je ka maƙale wa yarinya gyale a kunne ka ba mu kunya. Ni kuwa ko tambaya ban yi ba. Wa Renita take da shi in ba ni ba? Uwarta ta tafi tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ni na yi kitso, ni na yi girki, ni na yi komai. Kada ki yi mini dariya, Yaya, amma mako biyu na yi ina gwaji da tawul a kan sandar rataye kwat da ke bakin ƙofa, ina daidaita gefe da gefe. Hannuwan nan nawa da baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin farcensu shekara arba'in, kwana uku na yi ina jiƙa su da lemon tsami da sabulu don kada in ɓata mata kaya.

Da na isa Renita ta tare ni a bakin masaukin da ta kama mini. Ta zama cikakkiyar mace, tsayin Vernice, tafiyar Vernice, har sai da gabana ya faɗi. Muka rungumi juna, ta tambayi hanya, ta tambayi bayana. Can sai ta ce Baba, akwai maganar gobe da take so mu yi. Ni da zumuɗina na tari numfashinta, na ce kada ta damu, an gaya mini komai, na san abin da ake yi. Ta dube ni, ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce to Baba. Na ɗauka gajiya ce.

Washegari da hantsi muka taru a wani zaure. Yaranmu ba su kai ɗari ba cikin dubban da suka gama, amma Yaya, da kin ji ɗakin sai ki rantse rabin ƙasar ce ta zo. Ga masu ganga a gaba, ga kakanni mata da manyan hulunan coci, ga jarirai ana miƙa su hannu zuwa hannu. Kowane gida ya cika layi guda ko biyu. Ni kujera biyu aka ware wa gidanmu, na zauna a ɗaya, na ɗora hulata a ɗayar. Wata mata 'yar Chicago da ke gefena, mai baki kamar rediyo, ta leƙo ta ce ɗan'uwa, kai kaɗai ne rundunar? Ta ce kada in damu, in an kira tawa za su ara mini makogwaro. Na yi dariya, amma raina ya sosu, don a lokacin na ji rashin Vernice kamar a ranar aka binne ta.

Aka fara kiran suna. A kira ɗalibi, a kira mai rataya masa. Uwa ta hau, uba ya hau, wata kaka aka turo ta a keken guragu, jikan ya durƙusa har ƙasa don hannunta ya kai wuyansa. Ina zaune ina goge tafin hannuna a wando. Da aka zo kan haruffan ƙarshe na ji an ce Renita Whitlow. Na miƙe, na gyara kwat, har na sa ƙafa ɗaya a hanya. Sai mai sanarwa ya ce wadda za ta rataya mata ita ce Corliss Gaines.

Ban gane ba da farko. Na ɗauka kuskure aka yi a takarda. Sai na ga ɓangaren ɗalibai gaba ɗaya ya tashi tsaye, ana ihu ana buga ƙafa, ana Mama Corliss, Mama Corliss. Wata gajeriyar mata mai jiki ta taso daga gefe, da farin takalmin aiki, tana tafiya tana jan ƙafa ɗaya. Ta hau, ta karɓi gyalen, Renita ta sunkuya ta rataya mata. Sannan ta kama fuskar 'yata da hannu biyu tana gaya mata wani abu, su biyun suna kuka, Renita har kafaɗunta na rawa. Rabon da in ga hawayen yarinyar nan tun jana'izar uwarta, ranar ma ni na ce mata ya isa haka. Ina nan tsaye kamar an dasa ni, sai da 'yar Chicago ta ja gefen kwat ɗina a hankali ta ce zauna ɗan'uwa, zauna. Ba ta ƙara tsokanata ba har aka tashi, wannan ma ya fi mini ciwo.

Ba zan ɓoye miki ba, fushi na yi. Na ce a raina Mama? Mamar wa? Ina take lokacin da nake tashi da asuba ina koyon kitso a kan yarinya tana kuka ina gumi? Na tambayi wani yaro ko matar malama ce, ya ce a'a, a ɗakin cin abincin ɗalibai take aiki, shekara ashirin da shida tana zuba abinci. Yara shida ta rataya wa gyale a ranar. Da aka ba Renita minti ɗayanta na godiya, ta gode wa matar, ta gode wa 'yan matan da suka yi zaman makaranta tare ta kira su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ta ce da Babanta da ya koya mata tsayawa da ƙafafunta. Aka tafa. Na ɗaga hannu kamar yadda ake yi, amma ji na yi kamar baƙon da aka gaisar don kada a ce ba a gaishe shi ba.

Bayan an tashi aka wuce cin abinci a wani tsohon gidan katako da ke gefen makarantar, wanda ɗalibanmu suke taruwa a ciki. Bangon falon cike yake da hotunan waɗanda suka gama tun shekarun baya. An yi soyayyar tarwaɗa da dafaffen ganye da burodin masara, ƙamshin kamar na kicin ɗin Inna. Renita ana ta janta ɗaukar hoto, ni kuwa na sami lungu na tsaya da faranti a hannu. Nan matar ta same ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce af, kai ne Mista Whitlow da ake ta faɗa? Ashe akwai hanyar mota daga Arkansas, ita ta ɗauka sai an haƙa rami. Kafin in sami amsa ta karɓi farantina ta ƙara mini kifi, ta ce in ci, ba a tsayawa da yunwa a inda take. Ta jawo kujera ta zauna tana matsa ƙafarta, ta ce Allah ya yi, wa zai ce yarinyar nan za ta ga yau bayan abin da ya faru a shekararta ta biyu. Ta ɗauka na sani. Ni kuma kunya ta hana ni cewa ban sani ba, sai na gyaɗa kai, ita kuwa ta ci gaba.

Ta ce Renita ita kaɗai ce baƙar fata a ajinsu. In an ce a rabu rukuni-rukuni don aiki, ita ake bari tsaye. Wani malami ma a ranar farko ya tambaye ta ko ta ɓata hanya ne. Ba zagi, ba duka, sai dai kullum kaɗan-kaɗan. Da sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai yarinya ta daina zuwa cin abinci. Mama Corliss ta ce ita da fuska take ƙirga 'ya'yanta, da ta ga kwana uku ba ta ga 'yar Arkansas mai cewa na gode sau biyu ba, sai ta tura 'yan mata su dubo. Suka same ta kwance, labule a rufe, ta yi makonni ba ta shiga aji ba, ta rame har zoben uwarta yana zamewa daga yatsanta. Daga ranar 'yan matan gidan katakon nan suka raba aiki a tsakaninsu. Wannan ta kwana da ita, wannan ta tsefe mata kai, wannan ta raka ta wajen likita ta jira a bakin ƙofa. Ita kuma kullum in ta tashi aiki sai ta kai mata romon kaza a kwalba, ta zauna a bakin gado, ba ta tafiya sai ta ga ƙasan kwalbar. Shekarar gaba ɗaya ta lalace, sai da Renita ta maimaita ta. Ni kuwa, Yaya, cewa aka yi mini karatun injiniya shekara biyar ne, na kuma yarda.

Na tambaye ta, da muryar da ban san tawa ba ce, ko yarinyar ba ta nemi gida ba. Matar ta dube ni, a nan ta gane ban sani ba. Ta ce ta kira sau ɗaya.

Na tuna kiran. Wallahi na tuna shi kamar yanzu. Watan Fabrairu ne, ina kwance a ƙarƙashin motar wani dattijon cocinmu, na maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, sufana a hannu. Ta ce Baba na gaji, ina so in dawo gida. Ban ko fito daga ƙarƙashin motar ba. Na ce mata jinin Whitlow ba ya juya baya, ta tashi ta wanke fuskarta, kada ta kuskura ta bari mutanen nan su ga hawayenta, abin da suke jira ke nan. Ta ce to Baba. Daga ranar duk sanda muka yi waya sai ta ce lafiya lau, karatu lafiya lau, komai lafiya lau. Ni kuma ina zuwa coci ina buga ƙirji, ina cewa tawa ba ta da raki.

Kin san inda na samo maganar. Kalmomin Baba ne, ko wasali ban canza ba. Ina ƙarami amma ban manta ranar da aka fara kai ki makarantar fararen fata ba, kina 'yar shekara goma sha biyu, kika dawo da yawun wani a bayan rigarki. Baba ya ce ki wanke, ki goge, ki koma gobe da kanki a sama. Ban ga laifinsa ba har yau, a zamaninsa da wannan aka rayu, wanda ya nuna rauni ba ya kai labari. Amma shi ya ce kada su gani, ni kuma na rene ta har ta ɗauka ni ma ina cikin waɗanda ba za su gani ba. Kuma ina rubuta wannan ne na lura, shekara hamsin ke nan ban taɓa tambayarki yadda kika ji a ranar ba, ko abin da ya sa kina cika sha tara kika hau bas zuwa Oakland ba ki waiwayo ba. Ki yafe mini, Yaya.

Babban bikin washegari ba ni da abin faɗa a kansa. An yi jawabai, an jefa huluna sama, na hango ta can nesa da gyalenta a wuya. Ranar da zan taho, da safe na nemi kicin ɗin da matar take aiki. Na kai mata kwalbar zumar da na zo wa Renita da ita, don ba a zuwa godiya hannu rabbana. Na shirya magana mai tsawo a hanya, da na tsaya gabanta ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Ta goge hannunta a riga ta kama nawa, ta ce in bar shi, ɗa na kowa ne, ita ma wasu ne suka riƙe mata nata a wani gari. Ta ce ajiya ta ɗauka, ba kyauta aka ba ta ba, mai kaya ya zo ya nemi kayansa tun da sauran lokaci. Sannan ta ce in cire hula, a kicin ɗinta nake.

Renita ta raka ni har wajen mota. Ta gaya mini ta sami aiki a hukumar ruwa ta garin, can za ta zauna, ba za ta dawo gida ba. Na ce madalla. Na duba taya, na duba mai, na rasa abin dubawa. Daga ƙarshe na ce mata na ji abin da ya faru, me ya sa ba ta gaya mini ba? Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata rai ba, da ma ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. Ta ce ai na gaya maka, Baba. Na tsaya ina kallon makullin da ke hannuna. Ta gyara mini kwalar riga, ta ce in tuƙa a hankali, in riƙa tsayawa saboda bayana. Na shiga mota na ja, ina ganinta a madubi har na sha kwana.

Na yi tafiyar kamar awa ɗaya, ba komai hagu da dama sai gonakin masara da ta fara tsiro. Sai na ji ba zan iya ƙara ko mil ɗaya ba. Na gangara gefen hanya na kashe mota, na kira ta. Na ce mata ga ni zaune, ba abin da ke hannuna, ba inda nake sauri, ta sake gaya mini, ina ji. Can ta ce fiye da shekara uku ke nan tana riƙe da abin, ba a bakin titi za a sauke shi ba, yau ba za ta iya ba. Ta ce in kira ta ranar Lahadi bayan coci, amma da sharaɗi ɗaya. Ba shawara, ba wa'azi, ba labarin Kaka. Ta ce ita ba mota ba ce da zan buɗe in gyara. In na iya, to. In ban iya ba, mu ci gaba da lafiya lau ɗinmu, ba za ta riƙe ni da komai ba.

Na dawo gida na tarar da shi yadda na bar shi, kofina ɗaya a kan tebur. Yau Asabar. Na share tsakar gida, na yanke ciyawa, na wanke motar da ba ta yi datti ba, har yanzu rana ta ƙi faɗuwa. Tsoro nake ji, Yaya, ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba sai an wuce wurin, amma ba ni da wanda zan zauna da shi in jira.

Ki gaishe mini da Yaya Hosea, ki ce masa ina nan da alkawarin zuwa kamun kifi in Allah ya yarda. Ki gaida Lenora da mijinta, da Purvis, da 'yan biyu, da ƙaramar Vernice mai sunan matata, ki sumbace mini ita a goshi. Maybelle da mutanen coci suna gaishe ki, kullum sai sun tambaye ki. Hoton Renita da gyalenta yana cikin ambulan, ki ajiye shi inda yara za su riƙa gani. Matar da ke gefenta ita ce Mama Corliss, ki sa ta a addu'a da sunanta. Ni ma ki sa ni. Duk rayuwata ina roƙon Allah ya ba ni abin da zan faɗa wa yarinyar nan. Gobe ki roƙa mini ya ba ni ikon rufe bakina har ta gama.

Ƙaninki mai kewarki kullum,
Thaddeus